Izabel, Matar da Ta Gaji Ƙasa

A zamanin da zuriyar Normandi ke sarautar Ingila, sau da yawa ta hannun mace ƙasa ke fita daga wannan gida ta shiga wancan. Ga misalin Izabel de Clare.

Ubanta shi ne Richard, wanda a ke wa laƙabi da Strongbow, uwarta kuwa Aoife, 'yar Sarkin Leinster ta ƙasar Ailan. Uban ya rasu a 1176, ɗan'uwanta namiji kuma bai yi tsawon rai ba, gado duk ya koma kanta. Yarinya irin wannan ba ta zaɓen miji, gama Sarki ne waliyyinta. A 1189 Sarki Richard ya aurar da ita ga William Marshal, barden da ya ba shekara 40 baya, ba shi da ƙasar a zo a gani, ita kuwa ba ta cika 20 ba.

Amma kada mai karatu ya zaci 'yar zaman ɗaka ce. A 1207 Sarki John ya kira William fada ya riƙe shi, maƙiya suka tasam ma Leinster. Izabel na da ciki, ta zauna a Kilkenny tare da baradensa har aka ci nasara. Mijin da kansa ya tuna wa manyan ƙasar cewa ubanta ne ya ba su filayen da su ke ci.

Ta haifi maza 5, mata 5. Ikon Allah, mazan duk suka rasu ba magaji, na ƙarshe a 1245. Aka raba ƙasar tsakanin ɗakunan matan, ta watsu cikin gidajen Bigod da Clare da Ferrers da sauransu.