Kula da gashi da fatar zomo

Zomo dabba ce mai tsabta wadda ke wanke jikinta da harshe kamar kyanwa, to amma akwai wani bambanci da ke halaka zomaye da dama: zomo ba ya iya yin amai.

Saboda haka duk gashin da ya haɗiye wajen lasar jikinsa, sai ya bi ta hanji kafin ya fita. Idan gashin ya yi yawa, abinci mai ƙaiƙayi kuma ya yi ƙaranci, hanjin kan cushe, zomon ya daina ci da kashi, ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu.

Zomon gida dai asalinsa daga yankin Sifen da Fotugal ne, kuma ba jinsi ɗaya ba ne da zomon daji da mafarauta suka sani a ƙasar Hausa. Gashinsa mai kauri ya dace da ƙasar sanyi ne, ba da yanayi irin na Zurmi da Shinkafi da Kauran Namoda a arewacin jihar Zamfara ba, inda zafi kan kai digiri 40 a watan Afrilu.

Taza maimakon wanka

Likitocin dabbobi ba sa son a yi wa zomo wanka. Ruwa na firgita shi, yana iya karya bayansa wajen fizge-fizge, kuma gashin ba ya bushewa da wuri, abin da kan jawo masa sanyi, musamman da hunturu.

Abin da yake bukata shi ne a taje shi da buroshi mai laushi sau ɗaya a mako, ana bin kwanciyar gashin. Lokacin da yake zubar da gashi, wanda kan faru fiye da sau ɗaya a shekara, sai a riƙa yi kullum. Idan babu buroshi, tafin hannu da aka ɗan jiƙa ya isa ya kwashe gashin da ya saki.

Harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar ciyawa su ne ke tura gashin da aka haɗiye. Dusa kaɗai ba ta yin wannan aiki.

Ba a ɗaga zomo da kunne, duk da cewa haka yara da 'yan kasuwa suka saba. Ta kunnuwan ne yake fitar da zafin jikinsa, domin ba ya gumi kamar mutum. Da bazara, inuwa da iska da ruwan sha sun fi komai, kuma shafa ruwa kaɗan a bayan kunnen kan taimaka.

Damina da ƙuda

Daga Yuni zuwa Satumba hatsarin kan koma ƙarƙashin bindi. Idan kashi ko fitsari ya manne a gashin wurin, ƙudaje kan yi ƙwai a ciki, tsutsa ta ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ta fara cin naman dabbar da ranta. Don haka ake duba wurin safe da yamma, a goge da tsumma mai ɗumi, a busar. Fatar zomo ba ta da kauri, almakashi na iya yanka ta wajen cire gashin da ya cukurkuɗe.

Ƙazuwa

Cutar fata da ta fi damun masu kiwon zomo ita ce ƙazuwa, wadda wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani sosai ke haddasawa. Takan fara da ɓawo a hanci da leɓe da yatsu, gashin wurin ya zube, dabbar ta rame. Wani nau'in kuma cikin kunne yake zama, zomo ya yi ta girgiza kai da susa.

Bai kamata a ɓamɓare ɓawon kunnen ba, domin yana barin ɗanyen ciwo, kuma da kansa yake faɗuwa bayan magani. Shafa baƙin man mota, kamar yadda wasu ke yi, guba ne ga dabbar da ke lasar jikinta.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne Ivermectin, wanda ma'aikacin lafiyar dabbobi ke aunawa gwargwadon nauyin zomon, a maimaita bayan kamar makonni biyu saboda ba ya kashe ƙwai. Sai an ware marar lafiyar, an kuma tsabtace kejin. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin Fipronil kuwa yana iya kashe zomo.

Idan gashi ya zube a kewaye kamar kwabo, mai yiwuwa makero ne, wanda yara kan ɗauka daga dabbar, don haka a wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta.

Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, NAPRI, da ke Shika kusa da Zariya, na gudanar da bincike kan zomaye, yayin da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ke da tsangayar koyar da likitancin dabbobi.