Shirin Tafiya Ikko a Jirgin Ƙasa Daga Zariya

Mu da muka tashi a Hanwa da Tudun Wada mun san kukan jirgi tun kafin mu san karatun agogo, amma kaɗan ne cikinmu suka tambayi yadda aka yi dogo ya iso Zariya. Na bi diddigin abin, ga kuma abin da na samu.

A zamanin Gwamna Girouard aka fara shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, cikin 1907. Ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, sa'an nan a 1912 aka haɗe shi da wanda ya taso daga Ikko. Auduga da gyaɗa da kuza Turawa suke so su kai bakin teku, fasinja dai ya samu shiga ne a gefe. Daga nan Zariya ta zama mahaɗa. Wani ƙaramin dogo ya tashi daga nan zuwa Jos saboda kuza, har aka rufe shi a 1957. Wani ya nufi Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu su ne suka cika Sabon Gari.

Daga Ikko zuwa Kano kilomita 1,126 ne, wato mutumin Zariya yana da kusan 1,000 a gabansa. Kafin a gama gadar Jabba a 1916 ma, sai an ɗora taragu a jirgin ruwa a ƙetare kogi da su.

Tafiya irin wannan ba a yi mata shirin dare ɗaya. Matafiyi zai je tasha da ƙafarsa ya tambayi ranar da jirgin fasinja ke wucewa, don kada ya zo ya tarar da na kaya. Daga nan sai ya nemi wanda ya taɓa zuwa, galibi mai fataucin shanu ko goro, ya zauna ya ji karatu. Shi zai jera masa tashoshi: Kaduna, Minna, Zungeru, Jabba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, har Iddo. Shi zai gaya masa inda jirgi ke daɗewa har a samu yin alwala, da inda sauka ganganci ne. A ganina wannan bincike na baka ya fi jadawalin da ke manne a bangon tasha amfani, domin jadawali yana faɗin lokacin da ya kamata jirgi ya zo, falke kuwa yana faɗin lokacin da yakan zo.

Sai guzuri, wanda aikin iyayenmu mata ne. Abin da ba ya lalacewa ake nema: ƙuli-ƙuli, garin rogo, dambun nama, kilishi ga mai hali. Ga buta, ga tabarma, ga bargo saboda sanyin dare, ga akwatin ƙarfe mai kwaɗo wanda kan zama kujera idan tarago ya cika. Kuɗi kuwa a lalita suke kwana, a ɗaure a ƙugu. Mai hankali yakan biya wurin malam ya tambayi hukuncin sallar ƙasaru, ya kuma aika wa mai masaukinsa a Sabo ta Badun ko Agege da wasiƙa tun da sauran mako biyu ko uku. Malamanmu za su tuna yadda ɗaliban nesa kan jera akwatunansu a tasha ranar hutu, kowa na tsaron nasa.

Da tituna suka yawaita, tirela ta ƙwace kayan, bas ta ƙwace mutanen, jirgin Ikko ya yi ta ja da baya har ya tsaya. An farfaɗo da shi a Disamba 2012. A 2016 aka buɗe sabon dogo mai faɗi daga Abuja zuwa Kaduna, a 2021 kuma aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano, wanda aka tsara zai biyo ta Zariya.