Kare Kai da Bindiga: Abin da Doka Ta Halatta da Inda Ta Tsaya

A watan Yunin 2022 gwamnatin Jihar Zamfara, ƙarƙashin Bello Matawalle, ta umarci jama'a su nemi lasisin mallakar bindiga domin kare kansu daga 'yan bindiga, har ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta daga cikin masarautu 19 na jihar. Babban Hafsan Tsaron Ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya mayar da martani cewa gwamna ba shi da wannan hurumin. Kafin nan, a 2021, Gwamna Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira a Katsina. Wannan maƙala na da'awar cewa muhawarar ta cakuɗa abubuwa biyu da doka ta raba, wato haƙƙin kare kai da izinin riƙe bindiga, kuma cakuɗa su ne ke jefa talaka cikin halaka.

Haƙƙin kare kai tabbatacce ne. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare haƙƙin rayuwa, ya yi togaciya: ba a ɗaukar mutuwa a matsayin tauye wannan haƙƙi idan ta auku sakamakon ƙarfin da ya zama dole wajen kare mutum daga farmaki ko kare dukiya, gwargwadon yadda doka ta yarda. Dokar Final Kod ta Arewa ta fayyace batun daga sashe na 59. Shari'ar Musulunci ma ta riga ta zurfafa a kansa a babin tunkuɗe mai kawo hari, inda malaman Malikiyya suka halatta wa mutum ya kare ransa da iyalinsa da dukiyarsa, tare da gabatar da gargaɗi idan hali ya ba da dama.

Sai dai haƙƙin yana da sharuɗɗa. Dole barazanar ta kasance a gaban mutum a lokacin, kuma kada cutar da zai yi ta wuce abin da kariyar ke buƙata. Wanda ya harbi ɗan fashin da ya ɓalle masa ƙofa da makami a hannu yana cikin inuwar doka. Wanda ya bi sawun ɓarayi washegari ya ƙone rugar da yake zargi ya fita daga cikinta, domin abin da ya yi ramuwar gayya ce. Akwai sharaɗi na uku a Final Kod da ya cancanci nazari: haƙƙin yana faɗuwa idan akwai lokacin neman agajin hukuma. Wannan sharaɗi ya ginu a kan zaton cewa hukuma na kusa. A ƙauyukan Maru ta Zamfara ko Batsari ta Katsina, inda mahara kan shafe sa'o'i suna ɓarna ba tare da jami'i ya iso ba, zaton ya rushe, don haka hujjar manomi ta kare kansa ta ƙara ƙarfi.

Mallakar makamin kuwa wata ƙofa ce daban. Tsarin mulki ya sanya makamai da harsasai cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su uku: manyan makamai irin na soja, waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, bindigogin amfanin kai kamar ta farauta mai baki biyu, waɗanda ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sai bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke kula da ita. Ke nan Irabor ya faɗi gaskiyar doka. Amma gaskiyar ta bar manomi riƙe da harba-ka-ruga a gaban mai AK-47.

Masu cewa a sakar wa kowa bindiga suna da hujjar da ba za a raina ba: gwamnatin da sashe na 14 na tsarin mulki ya ɗora wa tsaron jama'a ta gaza, to don me za ta ɗaure hannun wanda ake yankawa? Amsar tana cikin tarihin Zamfara kanta. 'Yan sa-kai sun fara ne da niyyar tsare garuruwansu daga ɓarayin shanu, amma da babu mai sa musu linzami sai wasunsu suka shiga kashe Fulani a kasuwanni bisa zargi kawai. Hakan ya ba 'yan bindiga hujjar ɗaukar fansa da ta jawo sababbin mabiya. Harin 'Yar Galadima na Afrilun 2014, wanda ya rutsa da taron 'yan sa-kai ya hallaka ɗimbin jama'a, yana cikin wannan zagaye na jini. Bindigar da ba ta da rajista ba ta tambayar mai laifi da marar laifi.

Mafita tana tsakanin matsayin biyu. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Katsina a 2023, da Askarawan Zamfara na Gwamna Dauda Lawal a 2024, sun nuna hanyar: a tantance mutum ta bakin mai unguwa da dagaci, a horar da shi, a rubuta lambar bindigarsa, a kuma hukunta shi idan ya wuce gona da iri. Abin da ya rage shi ne Majalisar Tarayya ta gyara dokar 1959 domin irin waɗannan rundunoni su sami makaman da suka dace da barazanar, ƙarƙashin sa idon kotu. Malamai kuma su riƙa koyar da iyakokin kare kai a kan mumbari kamar yadda suke koyar da halaccinsa. Ran manomi ya cancanci kariya, kuma dokar da ta halatta masa kare shi ita ce ta haramta masa zubar da jinin wanda bai kawo masa hari ba.