Gangar Itacen Oak: Daga Ɗaukar Kaya Zuwa Ba Da Ɗanɗano

Duk wanda ya saba shan ruwan randa ya san cewa mazubi ba ya barin abin da aka zuba masa yadda ya same shi. Ƙamshin yumɓu na shiga ruwan, har harshe ya gane shi ido a rufe. Irin wannan ne ya faru a Turai tsakanin farar giyar inabi da gangar itacen oak. Akasarinmu addini ya hana mu giya, amma labarin gangar labari ne na sassaƙa da daji da haƙuri, kuma ya isa a ba da shi.

A zamanin daular Rum, cikin tulunan yumɓu masu hannu biyu ake safarar giya da man zaitun. Tulun yana da nauyi, kuma ba ya jure faɗuwa. Mutanen Gaul, wato ƙasar da ta zama Faransa, su suka ƙware wajen harhaɗa katako su ɗaure shi da zobba. Mutum ɗaya kan gangara da abin da ƙarti huɗu ba za su iya ɗagawa ba, don haka sannu a hankali ganga ta ture tulu. Babu wanda ya ƙera ta don ɗanɗano a lokacin. Abin ɗaukar kaya ce kawai.

Dajin da masu wannan sana'a suka fi ambata ma ba don su aka raya shi ba. A 1669, Jean-Baptiste Colbert, ministan Sarki Louis na 14, ya fitar da dokar tsare dazuzzuka, saboda Faransa na buƙatar dogayen itatuwa miƙaƙƙu na ƙera jiragen yaƙin ruwa. Dajin Tronçais da ke yankin Allier, mai faɗin sama da hekta 10,000, na cikin waɗanda aka killace. Daga baya ƙarfe ya maye gurbin katako a jirage, masassaƙan ganga suka gaji dajin. Itatuwan can a cunkushe suke tashi, ba sa saurin girma, shi ya sa jijiyar katakonsu ke fitowa a matse, ta riƙa sakin ƙamshinta kaɗan-kaɗan.

Aikin ba na mai gaggawa ba ne. Itacen kan kai shekara 150 zuwa 200 kafin a sare shi. Na Faransa ba a yanka shi da zarto, faskara shi ake yi a bi jijiyarsa, in ba haka ba gangar za ta yi yoyo, kuma ta haka ake asarar mafi yawan gungumen. Daga nan a jibge katakon a fili shekara 2 ko 3, ruwan sama da rana su wanke masa baurinsa. Sai masassaƙi ya jera katakan da'ira, ya hura wuta a tsakiya da ɓaraguzan itacen, yana yayyafa ruwa har su lanƙwashe. Wannan wutar ce asirin. Gashi kaɗan na fitar da ƙamshin banila, in an ƙara sai a ji na gasasshen burodi, in ya yi yawa hayaƙi ya rinjayi komai. Gangar yankin Burgundi na Faransa na cin lita 228, ta yankin Bordeaux 225.

A ƙauyukan Burgundi irin su Meursault da Puligny-Montrachet, inda ake noman inabin Chardonnay, cikin gangar ake barin ruwan inabin ya tsimu tun farko. Laushin da mashaya ke yabo, wanda suke kwatantawa da man shanu a baki, ba daga itacen kaɗai yake ba. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke juya tsamin inabin mai kaifi, irin na ɗanyen tuffa, ya koma tsami mai taushi irin na nono. Sannan masu aikin kan sa sanda su riƙa motsa gasarar da ta kwanta a ƙasan gangar, abin da ke ƙara wa ruwan kauri. Iskar da ke kutsawa kaɗan-kaɗan tana ƙarasa sauran.

Amurkawa suka kwaikwayi dabarar. A shekarun 1950, James Zellerbach, wanda ya yi jakadan Amurka a Italiya, ya kai gangunan Faransa gonarsa ta Hanzell a Kalifoniya. Ranar 24 ga Mayu, 1976, wani Baturen Ingila mai sayar da giya, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa a Paris, suka ɗanɗana ba tare da ganin sunan kwalba ba. Chardonnay ɗin Chateau Montelena na 1973, wanda Mike Grgich ya haɗa a Kalifoniya, shi ya zo na ɗaya a farare, gaban na Burgundi.

Nasarar ta buɗe kasuwa, ita kuma kasuwa ta wuce gona da iri. A shekarun 1980 da 1990 aka riƙa cika wa giyar itace har ɗanɗanon inabin ya ɓace, musamman da oak ɗin Amurka mai ƙamshin kwakwa. Masu neman arha suka koma jefa gutsattsarin katako cikin tankunan ƙarfe, kuma a 2006 Tarayyar Turai ta halatta hakan. A ganina nan aka ci amanar sana'ar, domin gutsure na iya ba da ƙamshi cikin 'yan makonni, amma laushin da watanni ke ginawa a cikin ganga ya fi ƙarfinsa. Mashaya da yawa suka gaji, suka juya wa Chardonnay baya.

Yanzu manoman Burgundi da dama sun rage sababbin ganguna, sun fi dogara da waɗanda aka yi shekara uku ko huɗu ana aiki da su, da ƙamshinsu ya lafa. A Tronçais kuwa ana ci gaba da sarar itatuwan da suka tsiro tun jiragen yaƙin Faransa na katako ne.