Yadda Ake Ɗaukar Hoton Kuɗin Ƙarfe Daga Kusa

Babbar matsalar ɗaukar hoton kuɗin ƙarfe ita ce haske. Ƙarfe yana ƙyalli, saboda haka fitilar kyamara idan ta haska shi kai tsaye takan shafe zane da shekarar bugawa, alhali su ne masu tara tsofaffin kuɗi ke dubawa kafin su yi tayi.

Masu wannan sana'a sukan ɗora kuɗin a kan baƙin ƙyalle, su kawo haske daga gefe ta cikin farar takarda domin a rage kaifinsa. Da haka ƙananan layuka ke fitowa sarai, kamar na fuskar Herbert Macaulay a kan naira ɗaya ta 2007, ko rubutun Larabci da ke kan kwabo mai huji na zamanin Turawa.

Ana kafe kyamara a kan mazauni mai ƙafa uku, ta fuskanci kuɗin daidai, a saita ta ta ɗauka bayan daƙiƙa biyu, domin girgizar hannu kaɗan ta isa ta dushe hoto. Mai wayar salula ya ja baya kaɗan, daga baya ya yanke gefunan hoton.

Ba a goge tsohon kuɗi don ya yi kyau a hoto, gogewa tana rage masa daraja.