Shago da Gida Aljihu Ɗaya: Tarihin Saɓanin Iyali da Damuwar 'Yan Kasuwa daga Zangon Fagge zuwa Kasuwar Singa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi alaƙar kasuwa da gida a yankin Fagge da Sabon Gari, tun daga zamanin fatauci har zuwa Kasuwar Singa ta yau. Ta nuna cewa da yawa daga saɓanin iyalan 'yan kasuwa yana tasowa ne daga dukiyar da ke yawo tsakanin dangi ba tare da an ambaci hukuncinta ba, kuma fiƙihun Malikiyya ya daɗe da tanadar mafita.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Kasuwar Singa, wadda ta samo sunanta daga kamfanin keken ɗinki na Singer, tana cikin manyan cibiyoyin sarin kayan masarufi a Arewacin Nijeriya. Daga cikinta ake lodin sukari da shinkafa da taliya da madara da sabulu zuwa jihohi da maƙwabtan ƙasashe irin su Nijar da Chadi. Sai dai bayan kowane shago akwai gida, ko ma gidaje: matan aure, da 'ya'ya, da iyaye tsofaffi, da ƙannen da ke tsaron shagon. Idan shago ya girgiza, a gida ake fara jin motsinsa.

2.0 Zamanin Fatauci

Fagge ta daɗe tana zangon baƙi a wajen ganuwar Kano, inda Buzaye da ayarin raƙumansu suke sauka. A ƙarni na 19, fataken goro daga Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan tashi daga ƙasar Kano zuwa Salaga ta Gwanja ƙarƙashin jagorancin madugu, su yi watanni, wani lokaci har shekara, kafin su dawo. Babbar matsalar iyali a wancan zamani ita ce rashin maigida a gida.

Littattafan da alƙalai suke hukunci da su, wato Risalar Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, sun yi bayanin wannan hali filla-filla. Matar da mijinta ya ɓace a ƙasar Musulunci, ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, ana ɗibar mata shekara 4 bayan ta kai ƙara an yi bincike, sannan ta yi iddar mamaci. Wadda aka bari ba ci ba sha kuwa tana da haƙƙin neman rabuwa saboda rashin nafaƙa. A gefe guda, gidan gandu ya kasance garkuwa: ƙanin miji ko mahaifinsa yakan ɗauki nauyin cefane, zauren maigida kuma shi ne wurin da ake kashe wutar rigima tun ba ta kai gaban alƙali ba.

Wannan ba ya nufin mutanen da ba su san ƙuncin zuciya ba. Malam Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya yi waƙa a kan talauci da wadata inda ya siffanta yadda rashi yake zubar da ƙimar mutum har a idon danginsa. Tsoron wannan faɗuwa shi ne tsohon ciwon ɗan kasuwa.

3.0 Jirgin Ƙasa da Sarƙar Bashi

Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913. Kwara suka kafa kantunansu a Fagge, inda daga baya Kantin Kwari ya bunƙasa. Cinikin gyaɗa ya kawo sabon tsari: kamfani ya ba babban wakili kuɗi, wakili ya rarraba wa yaransa, su kuma su shiga ƙauyuka saye. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro kafin ya zama jigo a wannan harka, don haka rayuwarsa ta haɗa zamunan biyu.

Abin da ya sauya a cikin gida shi ne, maigida ya daina doguwar tafiya, yana kwana tare da iyalinsa, amma bashin wani yana wuyansa kullum, nasa kuma yana wuyan wasu. Wannan sarƙa ce Singa ta gada: kamfani ya ba dila kaya, dila ya ba ɗan sari, ɗan sari ya ba mai tireda, kowa yana jiran na ƙasa da shi. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. A da nisan tafiya ke raba miji da iyali. Yanzu yakan zauna a tsakar gida alhali hankalinsa yana kan ranar biya.

4.0 Ƙulli Uku a Gidan Ɗan Singa

Sarƙar bashi tana tafiya lafiya matuƙar farashi ya tsaya. Amma tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira take zamewa. A farkon 2016 gobara ta tashi a Singa, sannan a watan Maris wata ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari. A 2023 ƙarancin takardun kuɗi da cire tallafin man fetur da sakin farashin naira suka zo a jere. Kowace girgiza takan tona ƙulli uku da kunya ta binne.

Na farko shi ne jarin da ba a ambaci sunansa ba. Wa yakan ba ƙaninsa kaya ya ce je ka juya, ko mace ta sayar da gwal ɗinta ta danƙa wa miji, ba a faɗi ko rance ne, ko ƙiradi, ko kyauta ba. Alhali hukuncinsu ya bambanta matuƙa. A rance, wanda ya karɓa ne zai biya ko da wuta ce ta ci kayan. A ƙiradi, asara tana kan mai jari muddin mai juyawa bai yi sakaci ko ƙetare sharaɗi ba. Ranar riba ba wanda ke tambaya. Ranar asara kowa sai ya zaɓi sunan da ya fi masa sauƙi, daga nan zumunci ya tsinke.

Na biyu shi ne gadon da ba a raba ba. Uba yakan rasu a bar shago a hannun babban ɗa da sunan kada a wargaza gida. Shekaru su shuɗe, ɗan yana ganin guminsa ne ya raya shagon, 'yan'uwansa mata da 'yan uba suna ganin haƙƙinsu ake ci. Kowannensu yana da wani yanki na gaskiya, domin ba a ƙididdige dukiyar ranar rasuwa ba, ba a kuma yanka wa mai kula da ita lada ko kaso ba.

Na uku shi ne nafaƙa. Namiji yakan ɓoye wa iyalinsa karayarsa don gudun zubewar girma. Matar da ta ga cefane ya ragu, fuska ta ɗaure, sai ta fassara shi da ƙiyayya ko shirin ƙarin aure. Shi kuma ya ɗauki tambayarta a matsayin raini. Ta haka ake sakin aure a kan kuɗin cefane alhali asalin ciwon yana cikin littafin bashi.

5.0 Damuwa Tsakanin Haƙuri da Jinya

Al'ada ta hori namiji da haɗiye baƙin ciki. Idan abin ya kai ga rashin barci da ƙin abinci da ƙaurace wa mutane, akan yi saurin cewa sammu ne, a nuna kishiya ko ɗan uba da yatsa. Sai cuta ɗaya ta haifi gaba tsakanin ɗakuna. Dokokin mulkin mallaka na 1916 da 1958 ma sun ƙara wa abin tsangwama, domin sun fi karkata ga tsare mai taɓin hankali fiye da yi masa magani, har sai da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023.

Turasin Musulunci ya fi haka faɗi. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi a addu'a guda. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 322 bayan Hijira, ya rarrabe a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus tsakanin baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar asarar dukiya, wanda nasiha da gyaran tunani suke sassautawa, da wanda ke sauka ba dalili bayyananne, wanda ya danganta da jiki, yake kuma buƙatar magani. Saboda haka kai mara lafiya asibitin Dawanau ko sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano bai saɓa wa tawakkali ba.

6.0 Sulhu Jiya da Yau

Yayin da gandu ya watse, aikin zaure ya koma hannun hukumomi. Bayan dawo da Shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, sasanta ma'aurata ya zama cikin manyan ayyukanta. A 2012 aka fara auren zawarawa, a 2017 kuma Sarki Muhammadu Sanusi II ya tayar da muhawara a kan tsara dokar iyali. Duk waɗannan suna tarar matsalar ne bayan ta nuna. Alƙur'ani kuwa ya tare ta tun daga tushe: aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi, ta 280 ta yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta sa a tayar da masu sulhu biyu daga dangin miji da na mata, waɗanda Malikiyya suke ganin hukuncinsu yana zartuwa. Haka nan Annabi (SAW) ya sasanta Ka'abu bin Malik da Ibn Abi Hadrad a masallaci ta hanyar yafe rabin bashi da biyan sauran nan take.

7.0 Kammalawa

Tarihin Fagge da Singa ya nuna cewa nau'in damuwa yana sauyawa, amma shago da gida ba su taɓa rabuwa ba. Ya kamata malaman da ke karantarwa a masallatan kasuwa su ba babin ƙiradi da sharika da gado irin kulawar da suke ba babin tsarki, shugabannin kasuwa su saba wa mutane da rubuta yarjejeniya ko da tsakanin wa da ƙani ne, masu sulhu kuma su riƙa tambayar halin shago da lafiyar maigida kafin su yanke wa aure hukunci. Kunyar da ta hana rubutu a yau ita ce takan kai 'yan'uwa gaban alƙali gobe. Allah ne Mafi sani.