Furotin ko DNA, Wanne Ke Fara Lalacewa? Nazarin Gubar Farakwat ga Masu Feshi a Arewa Maso Yammacin Jigawa

Tsakure

Maƙalar tana jayayya da masu ganin DNA ce abin da tsagerun sinadaran oksijin ke fara kai wa hari. Hujjarta ita ce furotin ke fara faɗuwa, kuma faɗuwarsa ce ke jawo wa DNA ɓarna.

Gabatarwa

A gonakin gero da dawa na Babura, Roni da Gwiwa, da lambunan rani na Kazaure, maganin ciyawa ya rage wahalar fartanya. Sai dai galibi mai feshi na goya tanki ba takunkumi ba safar hannu. Farakwat, maganin ciyawar da Tarayyar Turai ta haramta a 2007, yakan taru a huhu. A cikin tantani yana karɓar ilaktiron, ya miƙa wa oksijin, ya dawo ya sake, yana ta haifar da tsageran sinadarin oksijin mai suna sufa'oksayid.

Tun da Kasai da Nishimura suka bayyana gurɓatacciyar guwanin, ɗaya daga cikin tubalan DNA, a 1984, hankalin masana ya karkata ga DNA. Ba laifi: wannan guwanin takan haɗu da adinin maimakon saitosin, rubutun gado ya sauya. Amma ganin tabo daban, sanin hannun da ya yi shi daban.

Hanyar bincike

An bi sawun gubar mataki-mataki cikin ayyukan da aka wallafa, aka auna su da yadda ake feshi a yankin.

Sakamako

Sufa'oksayid ba ya iya cizon DNA da kansa, kuma a nan ne ra'ayin abokan jayayyarmu ke tangaɗi. Abin da yake nema shi ne furotin masu ɗauke da ƙullin ƙarfe da farar wuta, irin su akonitas, kamar yadda Gardner da Fridovich suka nuna a 1991. Yana taɓa ƙullin sai ya warware, furotin ya daina aiki, ƙarfen ya kuɓuce. Sakakken ƙarfen nan kan manne wa DNA. Idan ya gamu da haidirojin farokzayid, sai haɗuwar da Fenton ya gano tun 1894 ta auku, a samu haidiroksil, wanda ke ƙone duk abin da ke dab da shi. Keyer da Imlay sun tabbatar da wannan jeri a 1996. Wato tantanin da kansa ya ajiye makamin. Guba kulle kawai ta ɓalle. Ƙari a kan haka, farakwat na cinye NADPH da jiki ke kare kansa da shi.

Iyakar bincike

Gaskiya ne yawancin hujjar daga baktiriya ta fito, kuma wannan aiki bai auna jinin manomi ba. Wannan bai rushe jerin ba.

Shawara

Masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Bayero, in za su ɗebi jinin masu feshi, su auna lalacewar furotin da sakakken ƙarfe, kada su tsaya ga DNA kaɗai.